Kafin a fasa katalizer: abin da P0171 da P0420 ke faɗa wa mai mota

Tsakiyar hunturun da ya wuce, ranar da hazo ya lulluɓe Damagaram har mutum ba ya hango duwatsun Birni daga Zango, wani dattijo ya shigo garejinmu da ƙaramar motarsa mai silinda 4. A hannunsa akwai ƴar takarda da aka rubuta masa lambobi biyu, P0171 da P0420. An riga an sa wa motar kwamfuta a wani wuri, an kuma yanke masa hukunci: katalizer, wato gwangwanin da ke jikin salansa mai rage gubar hayaƙi, ya mutu, ko dai ya sayi wani, ko a yanke shi a farfasa abin da ke ciki a zubar, a mayar da gwangwanin a yi walda, mota ta sha iska.

"Malam, wanne ya fi sauƙi?" in ji shi.

Na ce, "Alhaji, a bar mini ita awa guda. Kada a taɓa salansa tukuna."

Na roƙi wannan awar ne don na sha ganin lambobin nan biyu tare, na kuma sha ganin ana karanta su a baibai. Sai a kama ta biyun a yi ta aiki a kanta, don ita ce mai suna kuma ita ce mai kuɗi, a bar ta farkon, alhali sau da yawa ta farkon ce ta haifi ta biyun.

Tun daga motocin 1996 Amurka ta wajabta wa kamfanoni tsarin da ake kira OBD-II, Turai ta bi sahu da motocin fetur a 2001. Shi ne soket ɗin nan mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Albarkacinsa motocin da ke zo mana ta Kotonu da Lome yare guda suke yi: P0171 a Toyota ma'anarta ɗaya da P0171 a Peugeot. Sai dai lambar rahoto ce kawai ta abin da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta auna ta ga ya kauce wa ƙa'ida. Ba ta faɗin sunan kayan da ya lalace. Gano wannan aikin bakanike ne, kuma nan ne ake yawan yin gaggawa.

Injin fetur awo guda yake so: giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na mai. In iska ta yi yawa haɗin ya tsinke, kamar kokon da aka cika wa ruwa. In mai ya yi yawa ya yi kauri. Zamanin kafireta da kunne da sukurdireba muke daidaita wannan. Yanzu ƙwaƙwalwar mota ce ke yi, ita kuwa ba ta da ido cikin silinda, shaidu biyu take dogaro da su. Na farko ma'aunin iska, wanda masu Faransanci ke ce wa debimetir, yana zaune bayan filtar iska yana gaya mata yawan iskar da ta shiga, da shi take lissafin tsawon lokacin da za ta buɗe nozul. Na biyu sensar oksijin da ke jikin salansa kafin katalizer, tana shinshinar hayaƙi tana faɗa mata ko lissafin ya yi daidai.

In sensar ta ce oksijin ya yi saura da yawa cikin hayaƙi, ƙwaƙwalwa sai ta yi ciko, ta ƙara mai. Cikon nan iri biyu ne a fuskar na'ura: STFT, wato na nan take, da LTFT, wato wanda ta haddace saboda ta ga kullum sai ta yi shi. A mota lafiyayya, in aka haɗa su biyun ba sa wuce kashi 10 cikin 100, sama ko ƙasa. Idan cikon ya yi ta hawa ya kai wajen kashi 25 ko fiye, gwargwadon iyakar da kowane kamfani ya sa, sai ta kunna wutar cek, wato wutar gargaɗin inji da ke gaban direba, ta rubuta P0171. Fassarar lambar a Hausance ita ce: "Na ƙara mai har na gaji, sensa kuma ba ta daina cewa haɗin a tsinke yake ba." Shi ya sa mota ke iya ɗauke da wannan lamba tana tafiya kamar ba komai, mai ita ya ce ai wutar banza ce. Ƙwaƙwalwar ce ke rufa wa matsalar asiri, ranar da cikon ya ƙare kuma sai inji ya fara karkarwa.

Abin da ke jawo haka bai wuce uku ba: iska na shigowa ta ɓarauniyar hanya ba a auna ta ba, ko mai ba ya isowa yadda aka nema, ko ɗaya daga cikin shaidun nan biyu na ƙarya. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ke raba su, wanda ina takaicin yadda ba a cika yin sa ba, duk da cewa na'urar da ta karanta lambar ita ce dai za ta nuna shi.

A bar inji ya yi zafi sosai. A dubi cikon a ralanti, wato silo. Sannan a taka totur a tsayar da shi wajen zagaye 2,500 a minti, a sake dubawa. Idan cikon na sama a ralanti amma ya sauko da aka ba da wuta, iska ce ke satar shiga. Dalilin a fili yake. A ralanti maƙogwaron inji kusan a rufe yake, zuƙar da ke cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, tana da ƙarfi, gaba ɗayan iskar da injin lita 1.8 ke sha kuwa giram 2 zuwa 3 ce kacal a daƙiƙa. Ƴar tsaga a tiyo ta ishe ta ɓata wannan lissafi. Da an buɗe totur iska ta kwararo da yawa, abin da tsagar ke ƙarawa sai ya zama ɗigo cikin randa. Idan kuwa akasin haka aka gani, cikon lafiya lau a ralanti amma yana hawa da an ba da wuta ko an kama hawa da kaya, to a nemi famfon mai da ya gaji, ko filtar mai da ta toshe, ko nozul masu datti, ko ma'aunin iska da ƙura ta rufe wa ido. Motocin da ba su da debimetir, masu auna zuƙar manifol kai tsaye, nasu ya ɗan bambanta: satar iska a wurinsu ta fi nuna kanta da hawan ralanti.

A injin V6 akwai ƙarin haske, domin kowane ɓangare da lambarsa: P0171 ta ɓangaren da silinda ta 1 take, P0174 ta ɗayan. In sun zo tare, a duba abin da suka haɗa a kai, wato ma'aunin iska, famfo, ko babban bututun shigar iska. In guda ce ta zo, a tsaya a wannan ɓangaren.

Garinmu kuwa kamar an yi shi ne don haifar da waɗannan matsaloli. Zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga zafin inji a kai, yana busar da roba har ta yi ƙarfi ta tsage, galibi ta ƙasan lanƙwasa inda ido ba ya kaiwa. Ƙurar hunturu kuma ita ce babbar abokiyar gabar ma'aunin iska. Cikinsa wata ƴar siririyar waya ce da ake ɗumamawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka ake gane yawanta. In ƙura ta yi mata riga, sanyin ba ya ratsa ta sosai, sai ta riƙa ba da rahoton iska ƙasa da gaskiya, ƙwaƙwalwa ta ba da mai ƙasa da buƙata. Yawancin wannan ƙura mu ke buɗe mata ƙofa. Yaro ya ciro filtar iska ya sa mata kwampreso da dukan ƙarfi har takardar ta yage, ko a mayar da murfin akwatin ba a maƙala ƙugiyoyin duka ba. Wanke ma'aunin ba wuya, akwai feshin da aka yi dominsa. Kada dai a taɓa wayar da hannu ko buroshi, kada kuma a mayar da shi bai bushe ba.

Batun mai ma haka. Muna da matata a ƙofar gida: tun Nuwamba 2011 SORAZ ke aiki a hanyar Tanut, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem. Shekaru da dama kuma man da ake tsallakowa da shi daga Najeriya ta Magarya da Matamaye shi ke cika kwalaben bakin titi, kafin cire tallafi a can cikin Mayun 2023 ya canza lissafin. Ko daga ina man ya fito, in ya bi ta duro, ya bi ta jarka, ya kwana a kwalba, ya ratsa mazurari da tsumma, zai iso tanki da rairayi, wani lokaci har da ruwa. Ga kuma halin da rashi ya sa mu, na shan lita biyu ko uku kullum. Famfon mai cikin tanki yake, man da ke kewaye da shi da wanda ke ratsa shi su ke sanyaya shi. Motar da allurarta ke kwana a ja shekara da shekaru, famfonta ba zai yi tsawon rai ba. Ba na zargin kowa da wannan, na san abin da aljihu ke ciki. Amma kafin a ce famfo ya mutu a ɗaura masa ma'auni: a yawancin motocin nan matsin yana wajen bar 3 zuwa 4, kuma bai kamata ya faɗi in an taka totur ba.

Wajen neman inda iska ke shiga, hanya mafi tsabta ita ce a tura hayaƙi cikin manifol inji na kashe, a ga inda zai ɓullo. Wasu na fesa mai ko ruwan wanke kafireta a jikin tiyo suna sauraron canjin sautin inji. Yana aiki, amma na taɓa ganin wuta ta tashi a kan haka, kuma ba na son yarana su saba da shi.

Sai shaidar ƙarya, wadda ta fi kowanne ruɗarwa. Hayaƙi ba a miƙe yake fita ba, bugawa yake yi, kuma tsakanin bugu da bugu akwai ƴar zuƙa. Idan salansa ta tsage kafin sensar gaba, abin da ramukan hanya da tudun rage gudu ke yawan jawowa, wannan zuƙa kan jawo iskar waje ta wuce ta hancin sensa. Sensa ta ce haɗi ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta yi ta antaya mai, alhali cikin silinda haɗin ya yi kauri har buji na baƙi. Mota na rubuta lambar ƙarancin mai tana kuma shan mai kamar rairayi. A nan ma a kula da irin sensar. Tsohuwar irin tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Toyota da yawa kuwa wata iri suke sa wa a gaba, wadda a na'ura za ka gan ta tsaye wajen bolt 3.3. Na ga an cire lafiyayya an jefar don wai "ba ta motsi".

Yanzu ga katalizer ɗin kansa, wanda abokan aikinmu na Kano ke kira indomi. Cikin gwangwanin tangaran ne mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ɗan filatinam da faladiyam da rodiyam. In ya ɗauki zafi, daga wajen digiri 250 zuwa 300, sai ya fara juya kabon monoksaid da ragowar man da bai ƙone ba da gubar naitirojin zuwa tururin ruwa da iskar da ba ta kai su illa ba. A cikin shafen akwai sinadarin seriyam, mai ajiye oksijin in ya yi yawa, ya sake shi in ya yi kaɗan. Wannan ajiyar ce ƙwaƙwalwa ke gwadawa. Tana kwatanta sensar gaba da wata sensa ta biyu da ke bayan katalizer. In yana da rai, yana shanye lilon da ke cikin hayaƙi, sensar baya ta zauna kusan wuri guda, wajen bolt 0.6 zuwa 0.8. In ya gaji, lilon sai ya ratsa shi, ta baya ta riƙa hawa da sauka da sauri. Ganin haka ne ke sa a rubuta P0420, ko P0430 a ɓangare na biyu.

Abin da lambar ke nufi ke nan: ajiyar oksijin ta yi ƙasa da iyakar da aka sa. Ba ta ce ya toshe ba. Toshewa wata cuta ce daban mai alamominta: mota ba ta ja, tana shaƙewa a hawa, ƙasanta na zafi fiye da kima, wani lokaci ka ji ɓaraguzai na kaɗawa in ka bugi gwangwanin. Ana tabbatar da ita ta cire sensar gaba a ɗaura ma'aunin matsi a gurbinta; a zagaye 2,500 bai kamata ya wuce bar 0.2 ba. Tsaga a salansa kusa da sensar baya, ko sensar bayan da ta tsufa, su ma suna iya kawo P0420 katalizer na nan lafiya.

Katalizer ba shi da abin da ke juyawa ko gogawa, don haka in ya mutu da wuri a nemi abin da ya kashe shi. A da dalmar da ake zubawa cikin fetur ce. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina ta a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Yau manyan makasan su ne injin da ke cin baƙin mai, domin toka da sinadaran da ke ciki suna yi wa ƙarafan nan rufi, da ruwan lagireto da ke zurara ta gaskit, da kuma uwa-uba silindar da ke fashin wuta. Duk bugun da buji ko koyil ya kasa kunnawa, ɗanyen mai da iska ne ke gangarawa su ƙone cikin katalizer, zafin ya haura har tangaran ya narke. Wutar cek mai ƙiftawa wannan take nufi, kuma umarni ne a tsaya.

Nan lambobin biyu suka haɗu. Tsinkakken haɗi yana wahalar kamawa, yana jawo fashin wuta, musamman da safe da kuma a ralanti. Tsinkewar ƙarya kuma tana sa a yi wa katalizer ambaliyar mai wata da watanni. Ta ko wace hanya, wanda ya sa sabon katalizer bai gyara P0171 ba ya kawo wa makashin sabon nama ne. Tsarin da nake bi shi ne a gama da satar iska, da matsin mai, da buji da koyil, da tsagar salansa, a ga ciko ya dawo ƙasa da 10, sannan a goge lambobi a hau titi. Ƙwaƙwalwa ba ta gwada katalizer sai inji ya yi zafi ana tafiya da gudu mai ɗorewa, don haka zagayen Kasuwar Dole ba zai wadatar ba, sai an miƙa hanyar Mirriya ko ta Takeita an dawo, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Kafin a goge kuma a kwafe hoton da ƙwaƙwalwa ta ajiye na lokacin da lambar ta faɗo: zafin inji, gudu, zagaye, ciko. Masu cire kan batir don wuta ta mutu wannan shaidar suke sharewa.

Maganar "a fasa a zubar" tana ci mini rai, kuma zan faɗi dalili. Abin da ke cikin gwangwanin nan ba shara ba ne. Yawancin filatinam da rodiyam na duniya daga ma'adinan Afirka ta Kudu suke fitowa, kuma a Maris 2021 oza guda ta rodiyam ta kusa dalar Amurka 30,000. Akwai masu sayen garin katalizer a ko'ina, shi ya sa ba a taɓa ganin sa a juji. Wani binciken hukumar sufuri ta Holan a 2020 ya samu motocin da ake lodawa zuwa Afirka waɗanda an riga an yanke musu shi tun can. Mai sayen mota ya leƙa ƙasa ya duba sabuwar walda a jikin gwangwani. Wanda kuma aka cire wa nasa, ko da ya mutu, ya karɓi abinsa, dukiyarsa ce.

Bayan an fasa, wutar cek ba za ta ƙara mutuwa ba, sai a cire ƙwan ko a liƙa masa baƙin salatif, ko a sa wa sensar baya wani ɗan ƙarfe da zai janye ta daga hayaƙi don a ruɗe ƙwaƙwalwa. Daga ranar duk wata sabuwar cuta da za ta kama injin a ɓoye za ta shigo. Sannan hayaƙin. Kabon monoksaid ba shi da launi ba shi da wari, yana kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Bakin salansa daidai yake da fuskar mai tuyar ƙosai da ke zaune bakin titi, da yaron da ke biye da uwarsa cikin cunkoson kasuwa, da mu kanmu da ke wuni a gareji inji na ralanti. Na san akwai wanda nasa ya narke ya toshe, motar ce abincinsa, kuɗin sabo kuma ya fi ƙarfinsa. Wannan uzuri ne na gaske, kuma ko shi ina ba shi shawarar ya nemi na hannu mai rai, ko irin na gama-gari da ake waldawa, ko da zai jira ya tara. Wanda nake jin zafinsa shi ne katalizer da bai toshe ba, aka fasa shi saboda lamba kawai.

Motar Alhaji ta nuna ciko na kashi 24 a ralanti, ya sauko 6 a zagaye 2,500. Muka tura hayaƙi, ya ɓullo ta ƙasan ɗan tiyon da ke kwaso tururin baƙin mai daga murfin inji zuwa manifol. Ya bushe ya tsage wajen tsawon farce. A cikin lambobin da ba su kai ga kunna wuta ba kuma akwai P0303, fashin wuta a silinda ta 3, bujinta ya cinye. Muka sa sabon tiyo da buji 4, muka wanke ma'aunin iska, muka canza filtar da ta yage. Ciko ya dawo 3.

Bayan mako uku ya dawo, wutar ta sake kamawa. P0171 ba ta dawo ba, P0420 ce kaɗai. Watannin da ya yi yana yawo da fashin wuta sun riga sun ci wani abu daga katalizer ɗin. Muka auna matsi, bai toshe ba. Sensar baya tana lilo, amma a hankali.

"To yanzu fa, Malam?"

Na ce, "Ya gaji, Alhaji, amma yana sauran aiki, kuma abin da ke cin sa ya tsaya. A bar shi a wurinsa har Allah ya hore na canji. Sai dai tunda wutar za ta zauna a kunne, a riƙa kawo ta duk wata mu duba ko wata lamba ta ɓuya a bayanta."

Ya zo sau biyu tun daga nan. Cikon na nan tsakanin 2 da 4, kuma ya ce litar da a da ke ƙare masa kafin la'asar yanzu tana kai shi magariba.